Akwatin Tsattsewa a Saman Bene

Daren Talata, unguwar Misfala, Makka

Sati uku da kafa akwatin nan, tsattsewa ko ɗaya ba ta leƙo ba.

Don Inna na yi shi. Tun da ciwon ƙafa ya hana ta zuwa Harami, ba ta da zance sai tsattsewar da ke sheƙa a zaurenmu na Damagaram. Na tsinto guntayen katako a wurin aiki, na haɗa akwati, na zuba gero. Malam Isa maƙwabcinmu ya sha dariya, wai tsattsewa ƙwari take ci, gidanta kuma da laka take ginawa. Ni kafinta ne, ina na sani?

Tattabaru geron ya kira. Yau da la'asar na hau da Inna shan iska, na tarar wata ta shige akwatin har ta yi ƙwai biyu. Raina ya ɓaci, na ɗauki sanda.

"Kul!" in ji Inna. "A Makka kake. Ba a korar tsuntsu a ƙasar Harami."

Na ce, "Inna, ai ba ita na gina wa ba."

Ta daɗe tana kallon tattabarar, sannan ta ce, "Mu da muka zo, mu aka gina wa ɗakin nan?"

Na ajiye sandar. Iƙamata, takardar izinin zama, saura wata biyu ta ƙare, kafili, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, bai ce uffan ba kan sabunta ta.

Na dai aje tasar laka a gefe, ko Allah zai kawo tsattsewar. Mai ƙwai kuwa, gobe zan ƙara mata gero.