Mun ci gasa, amma har yau ba wanda ya kira

Anti, don Allah ki agaza min da shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Mu uku muka shiga gasar ƙirƙirar manhaja a makarantarmu: ni, ƙawata, da wani ɗan ajinmu da muke kira Dogo, wanda shi ne gwanin rubuta ta. Manhajar tana riƙe wa tela awon kwastoma, ta kuma tuna masa ranar alkawari. Babana tela ne, na tashi ina jin yadda ake zazzaga masa masifa a bakin shago. Muka zo na ɗaya. Aka tafa, masu kuɗi suka miƙo katinsu, kowa zai kira. Har yau shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Baba da teloli maƙwabtansa sun ce mu saka musu a waya su gwada. Na hana, ina tsoron a sace mana dabara kafin mai zuba jari ya zo. Baba ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin telan da ya ɗinka riga ya ɓoye don kar a kwaikwayi wuyanta ba. Yanzu Dogo ya samu aiki, ya ce in ba abin da ya motsa kafin jarrabawa, zai tafi. In ya tafi, manhajar ta mutu. Wallahi tsoro nake ji.

Taki, mai jiran waya.

Ɗiyata, barka da nasara. Tsoronki ba shirme ba ne, amma Baba ya fi ki gaskiya. Mai kuɗi ba tafi yake saye ba, so yake ya ga mutane na amfani da abin. Ki saka wa telolin nan a makon nan, ki zauna a bencin shagon ki ga inda suke tuntuɓe. Daga nan ki kira masu katin da kanki, ki kuma tambayi malaman da suka shirya gasar inda ake tallafa wa ɗalibai. Ku ukun ku rubuta rabon kowa tun ana shiri.

Dogo kuwa, kar ki riƙe shi da laifi, shi ma akwai masu jiransa a gida. Ki ce ya karɓi aikin, ya ba ku ƙarshen mako. Wanda ya ga tela na kiransa saboda abin da ya rubuta, da wuya ya juya baya. Allah ya sa albarka, ya kawo muku na gari.