Kabarin Yaya Bilyamin a Kusurwar Hawasha

Zuwa ga yayata Muhsina, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa yayarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Osman da yara duka. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki zuwa Umra. Mu nan muna raye, kuma a wannan zamani wannan ma labari ne. Matata Hanaa ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita kwana tara. Dawa ta nuna a hawasha, gonarmu ta noman rani da damina, sai dai masu girbi sun yi ƙaranci. Makarantar ƙauye har yanzu cike take da waɗanda yaƙi ya koro, kowane aji gida uku. Inna tana nan, zan zo kan maganarta a ƙarshe, don ita ce mafi nauyi.

Na saurari saƙon muryarki sau huɗu. Kin ce kalma ɗaya tak ake nema daga bakina, na hana, na bar ɗan'uwanmu a gona kamar wanda ba shi da dangi. Ban amsa ba, don waya ba ta ɗaukar irin wannan magana. Na buɗe daftarina, wanda kin san a cikinsa nake rubuta abin da ya wuce kowace rana tun ina sakandare, na bi shi shafi shafi don kada in ƙara ko in rage. Mujtaba ɗan Kawu zai bi ta Bur Sudan ya kawo miki. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci, ko da yake ni kaina na kasa yanke wa kaina.

Kin bar ƙasar nan shekara guda bayan tafiyar Yaya Bilyamin, don haka abin da kika sani game da shi jita-jita ce. Ga abin da ya faɗa mini da bakinsa. Yana da shekara ashirin da uku yana aikin walda a Damazin zazzaɓin taifod ya kama shi, abokan aiki suka watse, wani tsoho Kirista mai gadin garejin ya yi jinyarsa wata biyu. Ya ce ba jinyar ce ta juya shi ba, tambayar da ya riƙa yi wa tsohon ce da amsar da ya riƙa samu. Daga nan ya yi karatun addininsu a Omdurman, ya zama kasis, wato fasto, a wata ƙaramar majami'a ta kwano a bayan Khartum Bahri, mabiyansa yawanci 'yan Dutsen Nuba da 'yan Kudu, masu wanki da masu dako. Ya rubuta ƙananan littattafai huɗu, uku da Larabci, ɗaya da Hausa, wanda ya ce bai taɓa jin an sayi ko kwafi goma ba. Shekara ashirin da shida ke nan. Baba ya hana a ambaci sunansa a gida har ya rasu. Inna kuwa dama ba ta taɓa faɗin sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Yaron nan take cewa, tun muna ƙanana.

Da yaƙi ya ci unguwarsu, ya tura matarsa da 'ya'yansa biyu Renk, shi ya tsaya da tsofaffin da ba su iya tafiya. Ciwon ƙoda ya riga ya kama shi, wankin ƙodar da ake yi masa sau biyu a mako ya tsaya. Ranar sha ɗaya ga watan Yuni ya sauka daga bayan lori a bakin tur'a, babban magudanar ruwan gonakinmu, ƙafafu a kumbure, da jaka ɗaya wadda rabinta takardu ne. Ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Inna ta shafa fuskarsa da hannu, tunda idonta ya tafi, ta ce yaron nan ya rame, a ɗora ruwan tuwon asida.

Na shimfiɗa masa angareb, gadon igiya, a rakuba, rumfar nan ta tsakar gida, nan ya yi wata huɗu da kwana shida. Likita a Managil ya ce kada ya wuce kofi uku na ruwa a yini. Ni nake aunawa, ina rubutawa. Ya riƙa yi mini ba'a, wai mala'iku biyu masu rubutu ba su ishe ni ba, na naɗa kaina na uku ba albashi. Na ce masa gara ni, ina rubuta abin da ya faru, shi kuwa yana rubuta abin da bai gani ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da hantsi, idan jikinsa ya yi sauƙi, mukan yi magana kan abin da ya gaskata. Ban nemi hakan ba, amma ban gudu ba. Ya ce ɗan Adam da karkatarsa ake haihuwarsa, irin karkatar da alwala ba ta kai gare ta. Ya ce Annabi Isa, wanda yake kira Yesu Almasihu, ya ɗauki hukuncin mutane a kansa, ya mutu, ya tashi, kuma ceto kyauta ce, ba lada ba. Na tuna masa mizani. Ya ce ya leƙa nasa mizanin tun a Damazin, ya ga ko tsaba ɗaya babu, shi ya sa ya nemi wanda zai tsaya masa. Littafinsa na Hausa duk a kan ruwan tur'a ya gina shi. Wai manomin yankinmu na Jazira bai taɓa yin ɗigon ruwa da hannunsa ba, daga nesa ake buɗe masa, shi nasa ya karɓa kawai, kuma aikin kirki kamar amfanin gona ne, bayan ruwa yake zuwa, ba kafinsa ba. Na ce masa ashe birni ya mantar da shi noma, don wanda bai share kwatarsa ba yana kallo ruwa zai wuce gonar maƙwabci. Ya ce to wa ya ba shi hannun sharewar? Haka muka yi ta yi, ba wanda ya kayar da wani.

Ba waliyyi ba ne, Yaya Muhsina. Taurin kan Baba yana nan a jikinsa, da kaifin harshe. Ya yarda cewa a littafinsa na farko ya yi wa addininmu magana mai zafi, ya ce yana nadamar zafin, amma ba ya nadamar maganar. Na yi fushi na ƙi zama wurinsa kwana biyu, Hanaa ce ta riƙa kai masa ruwa. Amma na gan shi yana yi wa waɗanda suka wawashe majami'arsa addu'a da sunan gafara, abin da ni ba zan iya ba. Da na tambaye shi ina Allah yake lokacin da ake kashe tsofaffinsa, bai kawo mini hujja ba. Ya ce shi ma ya tambaya, amsar da ya samu ita ce Ubangijin da yake bi bai tsaya daga nesa ba, ya shiga cikin wahalar da kansa. Abin da ya fi damuna shi ne tabbacinsa. Mu an koya mana tsayuwa tsakanin tsoro da fata. Shi ya ce ya san inda za shi kamar yadda ya san hanyar gida daga tasha. Ni da nake sake alwala sau biyu don kokwanto, na rasa ko in ji masa tsoro ko in yi masa hassada. Allah ya yafe mini wannan jimlar.

Kwana biyar kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce ya san mutanenmu, za su so su yi masa alheri bayan ransa, su ce ya dawo. Ya roƙe ni kada in bari a ƙwace masa a mace abin da ya riƙe shekara ashirin da shida a raye, wanda saboda shi ya rasa uba da gida. Na ce masa Allah ya ba shi lafiya, ya bar wannan zance. Ya ƙi sakin hannuna sai da na ce na yi alkawari.

Ranar Alhamis bayan la'asar numfashinsa ya canja. Na zauna kusa da kunnensa na riƙa maimaita kalmar shahada a hankali, yadda aka koya mana, ba tare da na ce ya faɗa ba. Sau uku. Ina kuka, ina fata. Ya buɗe ido ya ce ya ji ni, kuma ya san don ƙauna nake yi. Sannan ya ce Yesu yana riƙe da shi. Ya nemi ruwa, na ba shi kofi na huɗu, ban auna ba. Jim kaɗan bayan haka ya cika.

Malam Sambo liman ya zo kafin magariba. Kin san tare suka yi kiwon awaki da Yaya Bilyamin, idonsa ja wur. Ya ja ni bayan rakuba ya ce shi ba alƙali ba ne, ba zai tambaye ni abin da ke zuciyar mamaci ba. Ya ce in gaya masa kawai, da nake laƙƙana masa, leɓunansa sun motsa? Idan sun motsa, shi ya ɗauki sauran a wuyansa, a yi wanka, a yi salla, a kwantar da shi kusa da Baba. Yaya, ƙofar da ya buɗe mini ko raƙumi da kaya zai shige. Kuma sun motsa ɗin. Na tsaya ina kallon ƙasa, ina jin muryar Inna a ɗaki tana tambayar Hanaa ko an kawo likkafani. Sai na ji bakina yana faɗa wa Malam ainihin abin da leɓunan suka ce. Ya rufe fuskarsa da rawani. Ya ce Maliki, ka ɗaure mini hannu.

Maƙabartar Kiristoci tana Madani, hanya kuma ba ta biyuwa. Da safe muka kai shi a karo, amalanken jaki, zuwa kusurwar hawasharmu ta gabas, tudun nan ƙarƙashin bagaruwa inda ruwa ba ya hawa. Malam Sambo bai yi salla ba, amma ya tuɓe riga ya yi haƙa, ya ce haƙƙin maƙwabtaka ba ya mutuwa. Wani dattijo ɗan Nuba cikin masu gudun hijira ya yi addu'arsu da Larabci. Mu uku ke nan. Da aka zo sa shi, na rasa inda zan juya fuskarsa. Dattijon ya ce su ba su da doka a kan haka. Na juya shi gabas, ban san ko na kyauta masa ko na saɓa alkawari ba. Babu zaman makoki. Mutane suna wucewa ta ƙofar gida suna rage murya. Wasu sun ce na yi gaskiya, wasu sun ce na yi wauta, duka biyun kuma ba sa haɗa ido da ni.

Inna ba ta tambaye ni komai ba har kwana bakwai. A rana ta bakwai ta sa mayafi ta ce in kai ta. Na ɗora ta a karo da butar ruwa a cinyarta. Da muka isa ta zauna a ƙasa ta laluba tudun da hannu tun daga kai har ƙafa. Ta tambaya ko ya yi kalma. Na faɗa mata duka, da maganar alkawarin. Ta tambaya ko ya ji tsoro, na ce a'a. Ta tambaya ko ya sha ruwa, na ce ya sha. Sannan ta ce malamai sun ce ba a nema wa irinsa gafara, to ita yanzu me za ta riƙa cewa idan ta ɗaga hannu? Ta ce da na yi mata ƙarya da ta mutu da sanyi a ƙirji, gaskiyar tawa ni da shi kaɗai ta yi wa amfani. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma da faɗa ne. Ta juye butar a kan kabarin har ta ƙare. Sai ta ɗaga murya ta kira shi, Bilyamin, sau uku, yadda ake kiran yaro ya bar wasa ya zo ya ci abinci. Shekarata arba'in da biyu, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar.

Tun daga nan ba ta cin fiye da loma uku. Tana amsa gaisuwata, amma hannun Hanaa take nema idan za ta tashi. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka ki kira ta, Yaya, ki daɗe kina magana da ita. Sai dai kada ki ce mata na ruɗe ne, ya yi kalma ban ji ba. Ta riga ta sani, za ta rasa ki ke ma. Takardunsa suna cikin jakarsa a ƙarƙashin gadona, ban karanta ba, ban ƙona ba, zan aika wa matarsa idan hanya ta buɗe. Na auna abin nan ta kowace fuska. Da na ce sun motsa na yi shiru, da na ci amanar matacce da ta liman. Da na faɗi gaskiya, ga uwata tana narkewa a gabana. Ban ga hanya ta uku ba. Idan ke kin gan ta, ki rubuto mini, ko da lokacinta ya wuce.

Ki gaishe mini da Alhaji Osman da kyau, da Huseina da Ayman, da ƙaramarku Malak da ban taɓa gani ba. Hanaa tana gaishe ki, Goggo Ramatu ma haka. Daftarina ya tsaya a ranar da Inna ta kira sunansa. Kullum ina buɗewa in rubuta kwanan wata, in rufe.

Ƙanenki mai neman addu'arki,
Maliki