Gwiwoyina da Dutsen Nur

Jidda, 1968

Ubale,

Gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Yaya innarka da ƙannenka?

Na ji kana baza wa gari wai bara mutum huɗu suka sauko da ni daga Dutsen Nur na Makka kamar buhun gero. Ƙarya kake. Mutum biyu ne.

Yanzu kullum sai na hau benen maigidana a unguwar Bab Makka nan Jidda sau goma, da garwar ruwa biyu. Lafiyata lau, sai dai a zaune nake salla.

Ka daina cewa in dawo gida in kwanta. Sai na taka ƙolin dutsen nan da ƙafata, halas, magana ta ƙare.

Aiko mini man kaɗen innarka na gwiwa, amma ka ce na maƙwabcina ne. Allah ya shirye ka.

Ubanka,
Abdulgani