Abin da Na Gani a Littafin Kotu

Inna,

Assalamu alaiki. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba, shekara shida ke nan da aka rufe ki a Sarandosa. Amma tun ranar Litinin na kasa cin abinci, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Bayan rasuwar Baba, dangi suka ce tunda ni ne malamin makaranta, in rubuta tarihin gidanmu na Jega, kowa da uwarsa da shekararsa. Da na zo kanki sai na tsaya. Ban san shekarar da kuka rabu ba. Shekarar kawai na tafi nema a kotu, Inna, wallahi ba wani abu ba.

Wani tsohon magatakarda ya sha wahala kafin ya zaƙulo littafin, gara ta ci gefensa. Na buɗe ina jiran in ga abin da aka raine ni da shi: wai kin nemi saki, kin yar da ni ina shekara biyu, kin tafi ba ki waiwayo ba.

Ba haka aka rubuta ba. Baba ne ya sake ki. Ke kuma kika kawo ƙara a ba ki ɗanki, alƙali ya ba ki riƙona. Baba ya ɗauke ni ya kai Aliero wurin Gwaggo Hajo, ƙanwarsa, ya ce bai san inda nake ba. Sau huɗu kika dawo kotu. Sau huɗu, Inna! Na ga dangwalen yatsanki, na ɗora nawa a kai, naki ƙarami ne ƙwarai. An ma rubuta cewa kin ƙi faɗin sunana don ni ɗan fari ne, sai da wanki ya faɗa. A zama na ƙarshe alƙali ya so ɗaure Baba, kika janye ƙarar, kika ce ba za a ɗaure uban ɗanki saboda ke ba.

Daga nan na wuce Aliero. Gwaggo ta tsufa, ba ta gani sosai. Da na karanta mata abin da na kwafo daga littafin, ba ta musa ba. Ta ce a rumbu ta ɓoye ni ranar da kika zo ƙofar gidanta, kina jin kukana, ta rantse miki ɗan maƙwabta ne.

Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Kin tuna ranar da kika same ni a kasuwar albasa, ina da shekara ashirin, kika miƙo mini ƙullin dakuwa? Na kira ki baiwar Allah. Na ba ’yan dako dakuwar a gabanki. Kika yi murmushi kika tafi. Ranar jana’izarki ma ban fito daga mota ba sai da aka watse. ’Ya’ya mata uku na haifa, ko ɗaya ban sa mata sunanki ba.

Yanzu me zan rubuta wa dangi? Baba ya ciyar da ni, ya sa ni makaranta, kullum ina yi masa addu’a. Jiya na ɗaga hannu, bakina ya yi nauyi. Duk da haka zan rubuta yadda na gani, ko da baffannina za su daina gaishe ni.

Babbar jikarki Asma’u tana da ciki, wata bakwai. In mace ta haifa, zan roƙa a sa mata sunanki. Ranar Juma’a zan tafi Maiyama wurin Bello, ɗanki na aure na biyu, wanda ban taɓa kira ƙanena ba. Zan roƙe shi ya nuna mini kabarinki, don ban san inda yake ba.

Ki yafe mini, Inna. Allah Ya haskaka makwancinki.

Ɗanki na fari,
Usmanu