Na Goge Sanarwar Rasuwar, Amma Ta Riga Ta Isa Wayar 'Yarsa

Anti Ƙulu,

Don girman Allah ki taimake ni, ki ba ni amsa kafin sadakar arba'in. Ban taɓa neman shawara a jarida ba, ni ake zuwa nema. Amma mako uku ke nan ina tauna abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Shekarata hamsin da huɗu. Na koyar a sakandare a Zariya kafin aure ya kawo ni Libreville, yanzu ina da shagon yadi a unguwar Nombakélé. Shekara shida da suka wuce ƙungiyar Hausawa mazauna nan ta damƙa mini shafinta na intanet, don mazan da suka fi kowa baki a taro ba mai iya rubuta layi uku babu kuskure. Haihuwa, ɗaurin aure, rasuwa, canjin dokar katin zama, duk ni ke sawa.

Mutanenmu ba sa buɗe shafi, sai na haɗa masa abin nan da ake kira RSS. Mutum zai sa wata manhaja a wayarsa, ya ba ta adireshin shafin sau ɗaya. Daga nan ita za ta riƙa leƙowa bayan 'yan mintoci, in ta ga sabon labari ta kwafo shi ta ajiye masa, wayar ta yi ƙara. Da hannuna na sa wa mutum fiye da ɗari biyu. Na garuruwan Oyem da Franceville suna jin labari lokaci ɗaya da na unguwar Akébé da ke nan cikin gari. Ina alfahari da abin, ba zan ɓoye ba.

Ina da aminiya, Sakinatu. Ita ta tarbe ni a garin nan shekara ashirin da bakwai da suka wuce, lokacin ko cefane ban iya da Faransanci ba. A gabana aka yanke cibiyar 'yarta Djamila. Yarinyar tana aure a Port-Gentil, tana da ciki wata bakwai. Ranar da za ta tare ni na karɓi wayarta na sa mata manhajar, na ce don kada kewar gida ta dame ta.

Mijin Sakinatu, Alhaji Ɗanlaraba, ya rasu wata Litinin bayan asuba a gidansu na unguwar Sotega. Kin san yadda muke yi. An kira Ismaël, mijin Djamila, an faɗa masa gaskiya, ita kuwa aka ce mata jikin Baba ya tashi, yana son ganinta. Za ta hau jirgin ruwan safe, ta iso da azahar, ta ga fuskarsa, a fitar da shi bayan la'asar. Ni ban san da wannan shiri ba. Ina cikin tasi zuwa gidan rasuwar, cunkoso ya riƙe mu, sai ga saƙon Mohamadou, sakataren ƙungiya: in sa sanarwa yanzu-yanzu don na nesa su samu jana'iza. Na tambaye shi a rubuce ko an sanar da iyali duka. Ya ce an gama. Na rubuta, na sa hoton Alhaji, na danna.

Ina sauka a ƙofar gida ƙanwar Sakinatu ta raɗa mini cewa a yi hankali, Djamila ba ta sani ba. Ko takalmi ban cire ba na goge sanarwar. Minti goma sha ɗaya ta yi a shafin. Amma manhajar ta riga ta kwafe. Djamila tana layin shiga jirgi, tikiti a hannunta, wayarta ta yi ƙara. Ta karanta mutuwar ubanta da rubutuna, ta faɗi a wurin. Kwana biyu ta yi a asibiti, jirgi ya tafi, aka binne Alhaji ba ta gan shi ba. Abin da ke cikinta yana lafiya lau, alhamdulillahi, amma likita ya hana ta tafiya har ta haihu.

Sai Mohamadou ya zauna a wurin makoki, da carbinsa, ya ce shi cewa ya yi in shirya sanarwa kawai, amma mata da gaggawa. Dattawa suka gyaɗa kai. Mutumin da in ya rubuto mini sanarwa sai na gyara masa har sunan mamacin. Sakinatu ta aiko ƙanwarta ta ce kada in ƙara taka gidan. Kular abincin da na kai aka dawo mini da ita ba a buɗe ba.

Saƙon Mohamadou yana wayata. Niyyata in je ranar arba'in in karanta shi a gaban kowa, sannan in sa hoton saƙon a shafin, hanyar da ta tona ni ta tona shi a waya ɗari biyu. Maigidana ya ce in rufe shafin in yi haƙuri. Na lura haƙuri ita ce kalmar da ake miƙo wa mace duk ranar da namiji ya yi ƙarya. Shafin bai dame ni ba, ƙungiyar ma haka. Sakinatu ce ba zan iya rasawa ba. Me zan yi?

Mai Shagon Yadi, Nombakélé

'Yar'uwa,

Allah ya jiƙan Alhaji, ya sanyaya zukatanku duka.

Mohamadou ya zalunce ki. Ya ba ki amsar da bai tabbatar ba, da abu ya ɓaci ya ɗora miki. Ina jin gaggawarsa ta farko ba mugunta ba ce: gawa ba ta jira, kuma kowa na son a samu jama'a a jana'iza. Ƙaryar da ta biyo baya ce ba ta da uzuri.

Ga naki kason. Tambayar da kika yi masa ta nuna kin hango haɗarin. Kuma a garin nan babu wanda ya fi ki sanin abin da ke cikin wayar Djamila. Kina 'yan mintoci kaɗan daga gidan, kika danna. Sakinatu ba ta tambayar wa ya ba da umarni. Abin da take gani shi ne 'yarta a ƙasa a bakin ruwa. Saƙon da ke wayarki ba zai amsa wannan ba.

Kada ki sa shi a shafin. Kin ga yadda abin yake aiki: gogewa naki kwafin kawai take cirewa, wanda manhaja ta riga ta ɗauka ya zama na mai waya. Duk abin da kika saki cikin fushi ba zai dawo ba, kuma cikin wayoyin nan ɗari biyu akwai ta Djamila. Za ta sake karanta ranar mutuwar ubanta, wannan karon a matsayin rigimarki da sakatare.

Ki kai saƙon wurin shugaban ƙungiya da dattawa biyu, a ɗaki, Mohamadou yana zaune, kafin arba'in. Ki nemi ya gyara maganarsa da bakinsa a inda ya yi ta.

Amma kafin wannan, ki kira Ismaël ki nemi izini, ki rufe shago, ki hau jirgin Port-Gentil. Ki zauna gaban yarinyar ki ce ke kika danna, ta yafe miki. Kada ki ƙara "amma". In ta tambayi yadda aka yi, sai ki faɗa.

Shafin kada ki rufe shi, yana yi wa mutane amfani. Ki kafa doka a rubuce: ba a sa rasuwa sai wani daga cikin gidan ya tabbatar miki da muryarsa cewa 'ya'yan nesa sun ji. Ki kuma ware wa sanarwar rasuwa hanyarta daban, mai so ya shiga da saninsa.

Ranar arba'in ki tafi da sassafe, ki wuce inda ake girki, ki kama aiki. Kada ki nemi haɗa ido da Sakinatu. Tana takaba, kuma ke ce wadda ya fi mata sauƙi ta yi fushi da ita. In an kore ki, ki tafi ba gardama, mako mai zuwa ki dawo. Ba zan yi miki alkawarin yaushe za ta buɗe baki ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne za ta fi saurin yafe wa wadda ta je ta ga 'yarta fiye da wadda ta zo da hujja.

Allah ya sauki Djamila lafiya, ya sa ki goya abin da za ta haifa.

Anti Ƙulu