Ni na ce muƙamuƙin jaki ne

Assalamu alaikum jama'a. Admin, a ɓoye sunana. Tsoho ne ni, na haura tamanin, don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a wuya.

Na zo Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya daga Damagaram da ayarin raƙuma, shekaru kaɗan bayan tafiyar Faransawa. Ni tuwo kawai nake dafa wa ayarin, amma da yake bakina bai da linzami, sai na riƙa cika baki a kasuwa wai babu abin da ban sani ba game da raƙumi.

Akwai wani mahauci ɗan Maradi, zan kira shi Sani, naman raƙumi yake sayarwa. Wata rana ana haƙa tushen gini bayan rumfarsa, aka tono muƙamuƙin dabba. Wani ya ce na jaki ne, Sani ya rantse na ɗan raƙumi ne da ya yanka. Liman ya ce kada a kai wa jandarma, a kira ni, tunda ni ne masani. Na juya ƙashin nan, na sake juyawa, wallahi ban gane komai ba. Kunya ta hana ni cewa ban sani ba, na ce jaki ne.

Nan aka ce ashe naman jaki Sani yake sayar wa mutane, babu wanda ya ƙara sayen namansa. Ya koma garin Abalessa aikin lambu, can ya rasu. Rumfar kuma ni aka ba, ita ce ta zama butik, wato shagon da 'ya'yana ke ci da ita yau. Bayan shekara biyu na ga muƙamuƙin ɗan raƙumi wurin wani Buzu a garin Tazrouk, sak irin wancan, haƙoran gaba a shimfiɗe. Na ja bakina na yi shiru.

Har yau Gidan Mai Jaki ake kiran zuriyarsa. Yanzu jikansa na neman aure, uban yarinyar da yake nema ya ce sai ya ji gaskiyar maganar ƙashin daga bakina ranar Juma'a, don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gani. In na maimaita cewa jaki ne, na sake zaluntar Sani a kabarinsa. In na faɗi gaskiya, 'ya'yana za su san a kan me aka gina abincinsu.

Jiya mahaifiyar saurayin, 'yar Sani, ta zo ta durƙusa ta ce, Baba faɗi abin da ka gani kawai, mun san ba ka ƙarya.

Jama'a, me zan ce ranar Juma'a?