Kalmar da Ta Rage wa Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma bai ci ba. Na kai cokali bakinsa, ya datse haƙora ya juya fuska bango.

Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same shi, kalma ɗaya ta rage wa Baba: ma. A gaishe shi, ma. A juya shi a gado, ma. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran takalma a bakin tasha, babu matafiyin da zai sauka bai yi ciniki da shi da yarensa ba. Har zagi ya iya da yaren mutanen da bai taɓa taka ƙasarsu ba. Yau shi ne da ma.

Likita ta ce maƙogwaronsa lafiya lau, sun gwada, yana iya haɗiya. Ƙi kawai yake yi. In ya ci gaba a haka za su huda cikinsa su sa masa robar abinci, kuma ni ce zan sa hannu. Ni. Yaya yana wata ƙasa, Auta kuwa ban da kuka babu abin da ta iya.

Laraba, 5 ga Maris

A ɗakin guga na otal ɗin da nake aiki kowa da yarensa, tururi ne kawai ya haɗa mu. Muna jan zanin gado ni da Doguwa, ita da baki ɗaya ni da ɗaya, sai na ba ta labari. Ta saki zanin. Wai a yarensu ma uwa ce. “Mahaifiyarsa yake kira, ko kuma mamarku.” Mai ninke tawul ta ce ina, a nasu ruwa ne, ƙishi yake ji. Mai gyaran inji yana kwance ƙarƙashin injin busarwa ya ce a wani gari da ya yi aiki doki suke nufi da ita, ko sukuwa tsohon yake so? Duk muka yi dariya, har da ni. Daga baya na shiga banɗaki na yi kukana.

Abin da ya ɗaure min kai, Baba ya iya yaren Doguwa, ya iya na mai tawul. To da wanne yake yi min magana?

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai masa hoton Mama. Ya daɗe yana kallo, ya ce ma. Na ce to, Mama ce. Na ba shi ruwa, ya jiƙa leɓe, ya ce ma. Nas ta shigo da allura, ya ce ma.

A ɗakinsu na asibiti akwai wani tsoho a gadon jikin taga, ƙugunsa ya karye. Ba mai zuwa duba shi, ba mai jin yarensa, ko nas-nas ɗin da hannu suke masa magana. Amma ci kamar gara. Ya share nasa tas, sannan ya zuba wa kwanon Baba ido. Ni dai haushinsa nake ji, ban san dalili ba. Ko don shi yana ci ne.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ya kira. Shi ma ya bi maƙwabtansa da tambaya, wai a can ma na nufin kada. “Kin ji ko? Baba da bakinsa ya ce kada a sa robar. Ki bar shi da mutuncinsa.” Na ce Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, zo ka ga wuyansa sannan ka faɗi haka. Ya ce na fara rashin kunya. Auta ta karɓe wayar tana kuka tana cewa so yake a bar Baba ya mutu. Faɗansu a kunnena, cajin wayata.

A gidanmu ba a taɓa yanke wa Baba hukunci ba. Ko fentin ƙofa sai wanda ya zaɓa. Yanzu an ce in zaɓa masa tsakanin rami a ciki da yunwa, shi kuma yana kallona yana faɗa min abu, ni ce na kasa ji. Abin duniya ya ishe ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Agogonsa ya yi masa yawa. Na ƙara huda a igiyar da basillarsa.

Talata, 11 ga Maris

Matar da ke koya wa masu irin ciwonsa magana ta zo da katuna masu hotuna. Na jera mata duka: uwa, ruwa, kada, har wani direba ya ce a yarensu “amma” ce, wata mai shara ta ce tambaya ce, “mene ne?” Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce in yi haƙuri, ba ta jin yana nufin ko ɗaya. Wai ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe, duk abin da ke cikinsa ta nan yake fita.

Na ce mata na gode, amma ban gode ba. Da ta bar ni da dokin ma ya fi.

Laraba, 12 ga Maris

Raina ya ɓaci yau. Na fita baranda in amsa wayar shugabar aikinmu, na bar abincin Baba a kan tebur, shinkafa ce mai laushi da romo. Ina dawowa sai ga tsohon taga ya jawo kekensa na marasa lafiya har jikin gadon Baba, cokalinsa tsamo-tsamo a cikin kwanon. Abincin marar lafiya! Ban san lokacin da na fizge kwanon ba. Na wanke tsohon tas, na ce ba shi da imani, na ce shi ya sa babu mai zuwa duba shi. Bai ji ko ɗaya ba. Ya yi ta wata doguwar magana yana nuna Baba yana nuna bakinsa, ni kuwa ko a jikina.

Na tsaya a kan nas sai da aka canja masa ɗaki. Ya ci fiye da rabi. Har gemun Baba ya ɓata da shinkafa, sai da na goge masa.

Alhamis, 13 ga Maris

Baba bai kalle ni ba yau. Gadon taga yake kallo, babu kowa a kai. Ko ma ɗin bai ce ba.

Likita ta ce Litinin za a sa robar.

Juma'a, 14 ga Maris

Lokacin hutun rana Doguwa ta gutsuro burodinta ta miƙo min, kamar kullum. Hannuna na kai, sai na tsaya.

Da can lokacin da nake kai wa Baba abinci tasha, ban taɓa ganin ya buɗe kwano shi kaɗai ba. Sai ya kira wani. Mai faci, ko ɗan dako, ko baƙon da ke zaune da ƙafa ɗaya a safa yana jiran a ɗinke masa takalmi. In babu kowa, kwanon na nan a rufe har ya huce. Ni kuwa ina gefe ina jiran in ɗauki kwano. A gida ma haka, in ba baƙo sai ya aika a kira maƙwabci. Mu ba ma ci a gabansa, balle da shi. Haka Mama ta tashe mu, kuma ba mu taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba.

Tun da aka kwantar da shi muna tsaye a kansa da cokali, ni da Auta, bakinmu a rufe, muna cewa Baba ka daure ka ci.

Shinkafar da na goge a gemunsa, ta yaya ta je can?

Na bar dutsen guga a kunne, Doguwa ce ta kashe. Na isa asibiti ina haki. An sallami tsohon tun safe, wata mota ta zo ta ɗauke shi. Nas ta ce ba ta san inda aka kai shi ba, ko ta sani ma ba a faɗa. Ko sunansa ban riƙe ba. Da hannuna na kori mutum ɗaya da ya sa ubana ya buɗe baki.

Asabar, 15 ga Maris

Na roƙi nas ta ɗan zauna ta ci da shi, ta ce dokar aiki ta hana. Mutumin da aka kawo gadon taga ko motsi ba ya yi. Auta ta zaro ido. “Anti, ni in sa hannu kwano ɗaya da Baba? Wallahi ba zai wuce min ba.”

To sai ni. Na zo da cokali biyu. Ina tsaye na ɗebi loma ɗaya, na juya baya na haɗiye kamar mai shan magani, sannan na miƙa masa nasa. Ya datse haƙora.

Wataƙila ni ce ke ƙirƙira. Wataƙila tsohon ne kawai ya watsa masa shinkafar. 

Lahadi, 16 ga Maris

Ban karya ba na tafi, ba da niyya ba, mantawa na yi. Na gaji da tsayuwa na zauna a bakin gadonsa, abin da ban taɓa yi ba. Kwanon na tsakaninmu. Ban ce masa ya ci ba, na gaji da faɗa. Yunwa nake ji ta gaske, sai kawai na fara ci, kaina a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Can sai na ga hannunsa mai lafiyar yana rarrafe a kan bargo. Ya kama cokalin. Rabi ya zube a rigarsa, rabi ya shiga. Ban ɗago ba, ban taimaka masa ba, na ci gaba da ci hawaye na ɗiga a cikin romon. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Akwai 'yar tsoka guda a gefensa, ya turo ta da bayan cokali zuwa gefena, yadda yake yi wa 'yan dako. Ya ce ma.

Auta na bakin ƙofa, ta kama baki. Wai “ke ma” yake cewa, wai tun farko abin da yake nufi ke nan. Na ce Auta, jiya labule ya kalla ya faɗi haka. Ki zo ki zauna kawai. Ba ta iya ba.

Litinin, 17 ga Maris

Bai isa ba. Likita ta yi murna, amma ta ce ɗan abin da ya ci ba zai riƙe babban mutum ba, jikinsa ya riga ya zube. Na sa hannu. Yaya ya kashe wayarsa. Har yanzu ban san ko Baba ya yarda ba, kuma na gane ba zan taɓa sani ba.

Ta ce robar ba za ta hana shi ci da baki ba, in yana so.

Alhamis, 20 ga Maris

An kawo sabuwar ma'aikaciya ɗakin guga. Mai tawul ta ba ta labarin Baba, sai ta ce ai a yarensu ma... Na ce riƙe bakin zanin nan da kyau, yana jan ƙasa.

Yau ya ci kaɗan, jiya ya fi. Har yanzu yana turo min tsokar. Ban sani ba ko ya san ni ce, ko yana zaton wata matafiya ce ke jiran takalminta. Ina dai cinyewa.

Doguwa ta tambaye ni me ya sa na daina cin abinci a wurin aiki. Na ce mata zafin tururi ne.